Sarkin Fawan Landan da Ragon Alhaji Garba

Na manta sunayen rabin malaman da suka koyar da ni a Landan, na manta lambar bas ɗin da nake shiga kullum, amma ba zan taɓa mantawa da sallar layyar da muka yi a wata gona can bayan Dagenham ba. Ko ni na so in manta, abokina Sule ba zai bari ba, ga shi kuwa Allah ya ba shi tsawon rai da lafiyar baki.

Shekarun nan ne da kuɗin man fetur ya sauko wa Najeriya kamar da bakin ƙwarya. Jihohi na neman waɗanda za su tura karatu waje ido rufe. In takardunka na da kyau, kafin ka gama cewa kana so an miƙo maka tikitin jirgi da kuɗin sayen kwat. Abokaina suka tafi likitanci da aikin injiniya, ni kuwa na zaɓi adabin Turanci (mahaifina, Allah ya ji ƙansa, har ya bar duniya bai gane dalilin da zai sa gwamnati ta saka ƙato a jirgin sama don ya je ya karanta tatsuniya ba). Haka na sami kaina ina digiri na biyu a wata kwaleji da ke Bloomsbury.

A cikin darussanmu akwai wanda ya fi ɗaukar hankalina, wato tashin hankali da zubar da jini a adabin Amurka. Duk mako za a ba mu littafi, duk littafin da ka buɗe kuwa sai ka yi tuntuɓe da gawa. Wannan an harbe shi a ƙofar mashaya, wancan an rataye shi a bishiya saboda launin fatarsa, can an cinna wa ƙauyen 'yan asalin ƙasar wuta, nan miji ya ɗauko wa matarsa gatari. Har labaran soyayya ma, in ka yi haƙuri zuwa babin ƙarshe, sai wani ya jawo aljihun tebur ya ciro bindiga.

Mai koyar da mu wata dattijuwar Baturiya ce, 'yar siririya, mai furfura, mai magana a hankali kamar ba ta son ta tashi mai barci. Mu kira ta Farfesa kawai. Tun farkon zango ta faɗa mana cewa ɗalibi ɗaya tak za ta ɗauka ya ci gaba da digirin dakta a hannunta. Ni kuwa na ɗora raina a kan wannan gurbi. In ta ɗauke ni, jiharmu za ta ci gaba da biya mini, in ba ta ɗauke ni ba, sai in tattara kwat ɗina in koma gida. Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne tun kafin in taso na cika wa mutanen gidanmu baki cewa ba zan dawo ba sai da dakta a gaban sunana, har matan unguwa sun fara kiran mahaifiyata uwar Dakta, ita kuma tana amsawa.

Mutum ɗaya ne nake jin tsoronsa a ajin, wani Ba'amurke dogo mai suna Raymond. Ya girme mu duka. Rubutunsa na da kyau, amma a aji ba ya cewa uffan. Za a yi ta yayyaga littafi ana gardama, shi yana zaune yana kallon taga. Sai na ce a raina, to tunda shi bebe ne, ni bari in zama sanƙira.

Wata rana Farfesa ta cire tabarau ta jefo mana tambaya: "Me ya sa marubucin Amurka ba ya iya rufe labari sai ya zubar da jini?"

Kowa ya kawo tasa. Wata ta ce bauta ce ta bar musu tabo, wani ya ce ƙasar da aka ƙwace da bindiga dole ta riƙa mafarkin bindiga. Da aka zo kaina, na gyara zama na ce duk sun yi kusa amma ba su kai ba. Na ce marubutan nan marmarin jini suke yi don ba su san shi ba, namansu a naɗe cikin takarda suke saye, shi ya sa suke watsa shi a littafi kamar fenti. Na ce mu kuwa a ƙasarmu yaro da jini yake tashi. Na kawo musu 'yan dambe, na kawo mafarauta, na kawo wanzami da ƙahonsa. Na ce ran sallar layya kowane magidanci da hannunsa yake yanka ragonsa, kwatamin unguwa ya yi jawur, yara na tsallakewa suna dariya. Na rufe da cewa adabin nan na bukatar idon wanda ya san jini a zahiri, ba a takarda ba. Ban ce ni ne mai idon ba, amma ko makaho ya ga inda na nufa.

Farfesa ta rubuta wani abu. Raymond ya ɗauke ido daga taga ya dube ni na ɗan lokaci, sannan ya mayar. Daga ranar na zama gwanin jini na ajin, da an zo shafin da aka farke wa wani ciki sai kowa ya waigo ya ji ta bakina.

To, ga gaskiyar da ban faɗa musu ba. Ni ko kaza ban taɓa yankawa ba. Tun ina yaro a Zariya, duk ran layya zazzaɓi ke kama ni da hantsi, ya sake ni daidai lokacin da aka fara suya. A ɗakin kakata nake ɓuya, in toshe kunne da matashi. Ran da na leƙa na ga wanzami na yi wa baffana ƙaho, a bayan randa aka tsince ni. Kallon kitse kawai Turawan nan suke yi wa rogo.

Mutum ɗaya a duk Landan ya san wannan, shi ne Sule, Bakanon da muke zaune gida ɗaya, ɗalibin likitanci. Ya gano ni ne ran da ya bar littafinsa na tiyata a buɗe a kan teburin cin abinci, na kasa shan shayi. Kun dai san tsakanin Kanawa da Zazzagawa, wasa ne na kaka da kakanni, duk abin da abokin wasa ya yi maka ba ka da damar fushi, sai dai ka jira ranar ramuwa. Kuskuren da na yi shi ne na tafi da shi liyafar shayin da sashenmu ya shirya gab da hutun hunturu (na ɗauke shi ne don a ga ina da aboki likita).

Farfesa na jin shi ma ɗan Arewa ne ta ce, "Abokinka ya ba mu labarin layyarku, abin ya burge ni ƙwarai."

Sule ya dube ni, na ga idonsa ya yi wani ƙyalli da ban so ba.

"Ai bai faɗa muku komai ba, kunya gare shi," in ji shi. "Gadonsu ne. Kakansa shi ne shugaban mahautan garinsu gaba ɗaya. Ga sallar ma ta zo, mako mai zuwa ne. Me zai hana ki zo ki gani da idonki?"

Kakana, Allah ya sani, ɗinkin hula yake yi. Na buɗe baki in gyara zance, sai na ji Farfesa na cewa za ta so hakan matuƙa, har tana tambayar Raymond ko zai raka ta. Ya ɗaga kafaɗa ya ce to.

A cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na ce, "Sule, wace irin mugunta ce wannan?"

"Haba bawana, taimakonka na yi," in ji shi. "Ba kai ne professor of blood ba? Ai practical za a yi. Mu ma a asibiti haka ake mana."

Layyar a wurin Alhaji Garba muke yi. Dattijo ne Bakatsine da ya daɗe a Ingila yana aikin ofis, yana zaune a Dagenham da maiɗakinsa Hajiya Asabe, kusa da masana'antar motoci. Shi ne uban duk ɗan Arewan da sanyi ya koro, kuma gidansa kaɗai ne za ka ci tuwo da miyar kuka ta gaske. Neman rago kuwa a ƙasar ba ƙaramin aiki ba ne, saboda Turawa guntule wa tumakinsu wutsiya suke yi tun suna ƙanana, Alhaji kuma a tsaye yake a kan cewa dabba mai guntulalliyar wutsiya ba ta yin layya. Sai da ya yi ta zagaya gonaki kafin ya dace da wani manomi da ke da rago guda mai cikakkiyar wutsiya, ya kama shi tun da sauran watanni. Duk wanda ya je gaishe shi sai ya sha labarin wutsiyar nan.

Ran salla, bayan an sauko daga idi, muka ɗunguma gonar. Sanyi ake yi mai shiga ƙashi, ƙasa duk ta yi taɓo. Ni na sha babbar riga fara ƙal a kan rigar sanyi, da hula zanna, da takalmin fata sabo fil. Farfesa ta riga mu isa, ta zo da dogayen takalman roba da laima, Raymond na gefenta hannuwa cikin aljihu. A hanya na shirya dabarata: zan tsaya nesa kusa da baƙi in riƙa yi musu bayani, ina kallon fuskarsu, bayana na kallon rago.

Ashe Sule ya riga ni wurin Alhaji.

Aka jawo ragon, ƙato, mai gashi buzu-buzu, da wutsiyarsa har gwiwa. Alhaji ya kwance wuƙa daga cikin tsumma, maimakon ya naɗe hannun riga sai na ga ya nufo ni yana murmushi.

"Malam, ashe haka kake ba ka taɓa faɗa mana ba? Jikan Sarkin Fawa guda muna tare, ni ina ta fama duk shekara da hannuna mai rawa? Bismilla, na wakilta ka."

"Ranka ya daɗe, ai ba a yi haka ba, ga manya..."

"A'a, gado ai ba ya raina mai shi. Karɓi."

Na waiga. Farfesa ta matso, ta gyara tabarau. Sule ya durƙusa ya danne ƙafafun ragon na baya, kansa a sunkuye, kafaɗunsa na rawa (wai sanyi). Manomin ya riƙe na gaba, aka fuskantar da shi alƙibla. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na karɓi wuƙa.

Da a ce na ajiye ta na faɗi gaskiya a nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na tuna yadda nake ganin mahauta a kasuwa suna shafa babban yatsa a bakin wuƙa don su ji kaifinta, na ce bari in ɗan sayi lokaci, in kuma nuna gwaninta. Na juyo wajen Farfesa na fara lacca. Na ce a addininmu wajibi ne wuƙa ta yi kaifi don kada dabba ta wahala, na ce wannan shi ne bambancinmu da mutanen littattafan can, mu muna girmama abin da za mu kashe. Ina magana ina jan yatsa a kan wuƙar. Abin da ban sani ba shi ne mahauta a kaikaice suke shafawa, ni kuwa tsawonta na bi. Alhaji kuma tun jajibiri yake wasa ta.

Ban ma ji zafi ba. Na dai duba na ga wani ɗan jan layi ya bayyana a yatsana, ya kumbura ya zama ɗigo, ɗigon ya gangaro ya sauka a kan farar rigata. Na ji kunnuwana sun ɗauki ƙara, na ga gonar ta karkace. Abin da na ji na ƙarshe shi ne muryata tana cewa, "Kamar yadda nake faɗa..."

Sauran labarin a bakin Sule na ji, kuma duk shekara ƙara masa gishiri yake yi. Wai na tafi luu na faɗa a kansa, shi ya saki ƙafafu, ragon ya yi wata zabura ya hankaɗe manomin, ya bi ta ƙofar shinge ya faɗa cikin garken da ya cika fili. Abin da na gani da idona dai shi ne wannan: na farfaɗo na tarar da ni kwance a taɓo, ƙafafuna a ɗage a kan bokiti, kaina a kan kwat ɗin Raymond. Can nesa ga Alhaji Garba ya tattare babbar riga a kafaɗa yana gudu a tsakiyar tumaki yana ihu, "Mai wutsiyar! Ku tare mai wutsiyar!" Ga Sule na gudu yana faɗuwa don dariya. Ga Farfesa, dattijuwar da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ta buɗe laima tana tare hanya da ita.

Jinin da ya kayar da gwanin jinin Bloomsbury bai cika cokalin shayi ba, kuma nawa ne. Wallahi na so taɓon nan ya buɗe ya haɗiye ni.

Raymond ne kaɗai bai bi rago ba. Ya ɗaure mini yatsa da hankici, ɗauri mai kyau na wanda ya saba, ya ce kada in tashi tukuna. Da aka kamo ragon, Alhaji ya karɓi wuƙarsa ya yi bisimilla da hannunsa mai rawa, sai na lura Raymond ya juya wa wurin baya kamar yadda na juya. Muka zauna mu biyu muna kallon shinge.

Don in rage kunya na ce, "Ka iya ɗaurin ciwo."

"Aikina ke nan a soja," in ji shi. "Ni nake ɗauko waɗanda aka harba."

Na san ƙasarsu ta yi wani dogon yaƙi can Asiya, amma ban taɓa kawo wa raina cewa mutumin da ke zama kusa da ni a aji daga can ya fito ba. Na tuna duk surutun da na yi ta zubawa a gabansa, na ji wata kunyar da ta fi ta faɗuwa.

Na ce, "Ka yi ta yi mini dariya a zuci ke nan."

Ya girgiza kai. "A'a. Ɗazu da ka faɗi, sha'awa ka ba ni. Ni ma da haka nake. Da ma a ce har yanzu ina iya suma."



A gidan Alhaji kuwa labari ya riga ni shiga. Hajiya Asabe ta tare ni a bakin ƙofa da sannu, fuskarta ba alamar dariya, ta zaunar da ni kusa da hita. Da aka gama suya ta kawo mini faranti na musamman, hanta zalla.

"Ci, ɗana," in ji ta. "An ce ka zubar da jini da yawa."

Ɗakin ya ɗauka gaba ɗaya, har Alhaji sai da ya share hawaye. Ya ce, "Sarkin Fawa, Allah ya ƙara lafiya. Baɗi kaza za mu fara gwada ka da ita."

Bayan hutu Farfesa ta kira ni ofishinta. Na tafi da shirin sallama, har na fara tunanin abin da zan faɗa wa uwar Dakta. Ta zuba mini shayi ta tambayi yatsana, sannan ta ce, "Kakan naka mahauci ne da gaske?"

Na ce ɗinkin hula yake yi. Na faɗa mata labarin ɗakin kakata da matashi da randa, ban rage komai ba.

Ta ce shawarar binciken da na kawo mata, wato in karanta adabin nan da idon wanda ya san jini, ta mutu a gonar nan, ba kuma za ta ɗauke ni a kanta ba. Na sunkuyar da kai. Sai ta ci gaba da cewa a cikin littattafan da muka karanta, kusan duk inda aka kashe wani akwai wanda ya kau da kai, ko ya yi amai, ko ya ruga ya ɓuya, kuma masu sharhi ba su cika kula su ba, kowa ta mai bindiga yake yi. Ta ce in zan iya rubutu a kan waɗannan, tana jin na fi kowa cancanta, tunda ta ga shaidar ƙwarewata da idonta.

Na ce, "To Raymond fa?"

Ta ce ya janye, zai koma gida. Ya faɗa mata ya gaji da karanta abin da yake ƙoƙarin mantawa.

Haka na sami gurbin nan. Ban ci shi da jarumta ba, wanda ya fi ni ne ya bar mini, sumana kuma ya cike sauran. Na dawo gida da dakta a gaban sunana, mahaifiyata ta ci sunanta halal. Na yi shekaru ina koyar da ɗalibai yadda ake kisa a adabin Amurka, kuma duk aji sai na faɗa musu abin da na koya a kan bokitin nan: in ana zancen jini ka ji wani ya fi kowa zaƙewa, bai gan shi ba ne, wanda ya gani yana can yana kallon taga.

Har yau duk safiyar layya wayar farko da ke shigo mini ta Sule ce daga Kano, "Sarkin Fawa, an wasa wuƙa kuwa?" Sai in ce masa an wasa. Daga nan in miƙa wuƙar ga mahaucin unguwarmu in ce na wakilta shi, in shige ɗakin karatu in rufo ƙofa. Jikokina sun san Kaka ba ya fitowa sai an fara suya. An faɗa musu bincike nake yi.